Man Masa a Takardun Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a asibiti a Lyon ranar wata Alhamis da hantsi. Kafin la'asar falonsa da ke hawa na tara a unguwar Minguettes ya cika da mutanen da rabonsu da gidan tun ina budurwa. Kowa ya shigo sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum mai haƙuri." Wata Hajiya har da share hawaye da bakin mayafi, wai ita ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. To ina za ki ji, Hajiya, ke da ba ki taɓa wuni a gidan ba? Ni da na yi shekara goma sha biyu a hannunsa na san muryar, har yau in na tuna ta sai na ɓoye hannuwana.

Ƙanensa, wanda muke ce wa Kawu Ƙarami, ya taso daga La Courneuve, can gefen Paris, da matarsa a jirgin ƙasa. Shi ya zauna a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, yana cewa yayansa ya rayu cikin tsoron Allah, alhali sun yi shekaru ko sallama ba ta haɗa su. Ana addu'a ana shafawa, amma idon kowa yana kan ƙofar ɗakin nan da ke kulle a ƙarshen lungu. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "A nan yake ajiye takardun Yahudawan." Ɗayan ya ce, "Allah ya yafe masa."

Ba don ina ƙaunarsa nake wannan rubutu ba, kada wani ya ɗauka haka. Na ga suna ƙera wani mutum mai laushi suna laƙaba masa sunan Kawu, nan da shekara na ainihin zai ɓace. Kuma akwai abin da na yi wa takardun nan ranar sadakar bakwai, wanda in ban faɗe shi da bakina ba zai ci gaba da cina.

Ina da shekara tara aka kawo ni daga Damagaram, bayan rasuwar mahaifiyata. Da ya buɗe mana ƙofa bai ce sannu da hanya ba, bai ce ya haƙuri ba. Cewa ya yi, "Nuna hannu." Na miƙa. Ya juya su ciki da baya, ya ga maiƙon abincin jirgi, ya nuna mini famfo. Sau biyu, da sabulu.

Gidan ɗaki biyu ne da falo. Ɗaya nasa. Ɗayan, wanda rana ba ta shiga kuma danshi ba ya kama bangonsa, na takardu ne. Ni kuwa kujerar falo mai buɗewa, ita ce gadona har ranar da na yi aure. Marainiya tana canza kaya a bayi, kwalaye suna da ɗaki da makulli. Ko a lokacin sanyi ba ya ƙara wutar ɗumama gida, wai zafi yana busar da takarda ta karye. In na ce sanyi nake ji, sai ya ce, "Ke kina da riga. Su fa?"

Takardun na kiɗa ne, tsofaffi, na Amurka. Kowace waƙa da takardarta, an ninke ta biyu ko uku: a waje hoto mai launi da sunan wanda ya tsara waƙar da na wanda ya buga ta, a ciki layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige masu wutsiya. A zamanin da babu rediyo, in ji shi, haka ake sayar da waƙa. Mutum ya saya ya kai gida, ɗiyarsa ta zauna gaban piyano ta karanta ɗigon ta kaɗa. Abin da zai ba ka haushi, Kawu bai iya karanta ko ɗigo ɗaya ba. Kashin ƙuda yake ce musu. Yawancin waƙoƙin nan ya mutu bai san yadda suke a kunne ba.

Labarin yadda suka zo hannunsa ba ya ba da shi sai yana aiki, kansa a sunkuye. Ya sauka Paris yana saurayi, ba Faransanci, ba wurin kwana. Wani tsoho Bayahude mai shagon tsofaffin takardun kiɗa ya ɗauke shi shara da dakon kwalaye, ya ba shi ɗan ɗakin bayan shago, daga baya ya koya masa gyaran takarda. Shi tsohon, ƙanen kakansa ne ya tsallaka New York tare da dubban irinsu da suka gudo daga ƙasar Rasha. A can wasu suka shiga tsara waƙa, wasu suka kafa wuraren bugawa, a wani titi da ake cewa kowace taga piyano ke tashi a cikinta kamar ana dukan gwangwani. Wasu har suna suka canza don Amurkawa su saya. Ƙanen kakan nan ya zama mai buga takardu, kuma duk wadda ya buga sai ya aiko wa danginsa na Paris da guda. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka kwashe dangin, ba wanda ya dawo, kayan gidan suka watse. Tsohon kaɗai ya tsira, don an ɓoye shi a ƙauye yana yaro. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta yana bin kasuwannin gwanjo yana tattaro duk takardar da ke ɗauke da sunan gidansu a ƙasanta.

Bai haihu ba. Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare sai ya ce wa Kawu, "Riƙe su har wani namu na Amurka ya zo." Shi ke nan fa. Magana ɗaya ta tsohon da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ita ta hana ni ɗaki. Kawu ya samu aikin sito a Vénissieux, nan gefen Lyon, ya kwaso kwalayen ya taho da su, ya yi sama da shekara talatin yana jiran baƙon da bai san sunansa ba.

Kowace Asabar da safe, yara na ƙasa suna wasa, ni ina tsaye a gefen teburinsa. Ana dama garin alkama ya yi ruwa-ruwa, a dafa, a tace, shi ne gam ɗin. Akwai wata takarda siririya kamar ɓawon albasa da ake yagewa da hannu, ba a sa almakashi, a lulluɓe yagar da ita ta baya. In maiƙo ne ya taɓa, sai a barbaɗa garin farar ƙasa, a ɗora nauyi, a bar shi kwana da kwanaki yana tsotsewa. Karin maganarsa ɗaya ce, ya faɗe ta ta fi sau dubu: "Takarda ba ta yafe mai." In hannuna ya yi rawa sai ya buge shi da bayan buroshi. Sunan da ya sa mini Mai-hannun-mai, ko a gaban baƙi. Sau ɗaya tak, ina shekara goma sha biyu, na ɗinke wata mai hoton jan jirgin ruwa da ta rabe gida biyu. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana neman aibu, sannan ya ce, "To. Ba laifi." Wannan ne yabon da na samu a gidan nan, kuma na ji haushin kaina da na yi murna.

Ina shekara goma sha shida muka yi babban faɗa. Na buɗe wani kwali na tarar da hotunan baƙar fata an zana su da leɓe kamar faranti, ido warwaje, suna washe baki suna rawa. Na ce, "Kawu, wannan kake hana ni ɗaki dominsa? Mu ne fa aka zana! Kai ne wannan!" Bai musa ba. Ya jawo wani kwalin ya fito da wata, an zana Bayahude da ƙaton hanci yana murza hannu. Ya ce, "Su ma ga su. Wani lokacin su da kansu suka buga, don shi ake saya. Yunwa ba ta da kunya." Na ce to a ƙona duka. Ya ce, "Ba a ba ni don in zaɓa ba. Mai amana ba ya tankaɗe." Na ce masa bawan matacce ne shi. Ya yi wata guda bai yi mini magana ba, abinci ma sai dai ya ajiye ya wuce.

Shi ma Kawu Ƙarami abin da ya raba su ke nan. Ya zo hutu wata shekara, ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke cike da kayan kiɗa da hotunan mata ba ɗankwali, balle na Yahudu. Kawu ya bar shi ya gama wa'azinsa tsaf, sannan ya ce, "Ranar da nake kwana a tashar jirgi, mai su ne ya ba ni bargo. Kai a lokacin wasiƙa kake aiko mini in sayo maka agogo." Ya ɗauki jakar ƙanen nasa ya ajiye ta bakin asansar, na'urar hawa bene. A wannan faɗan kam, ko ni da nake jin haushinsa na san wa ke da gaskiya.

Alheri fa? An ce a faɗi alherin mamaci, to ga wanda na sani. Na taho daga gida da hoton mahaifiyata guda ɗaya, ina kwana da shi ƙarƙashin matashi har ya tsage ta kan fuskarta. Na yi kuka na jefa shi bayan kujera. Bayan sati biyu na tarar da shi a cikin littafin lakkwal ɗina, wanda nake zuwa makaranta da shi, an haɗe shi, sai ka kai shi hasken taga za ka ga wurin. Bai ce komai ba, ni ma ban ce na gode ba. Amma mutumin nan dai shi ne ranar ɗaurin aurena, ana shafa fatiha ya saɓa jakarsa ya nufi tasha, wai wani ofishin ajiyar tarihi a Paris ya ba shi ranar ganawa kan neman dangin tsohon. Amarya ta fita daga gida ba wanda ya yi mata nasiha, sai maƙwabciya.

Satin da zai rasu na je asibiti. Ya rame, hannun nan da nake tsoro ya koma kamar kara. Ya sa na jawo wata wasiƙa daga aljihun rigarsa. An dace, bayan duk shekarun nan: wata mata a Amurka, tattaɓa-kunnen mai buga takardun, ta amsa. Za ta zo Paris nan da wata uku. Ya ce ya riga ya ware mafi daraja, waɗanda gidan su matar ya buga da kansa, ya sa su a kwali ɗaya kusa da ƙofa. Ya ba ni makulli. Sai ya kama hannuna, ni kuma na ce a raina yau dai zai ce in yafe masa, kamar yadda kowane Musulmi ke yi in ya ga tafiya ta zo. Wallahi na shirya yafewa, kalmar tana bakina. Ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce, "Ki wanke hannu kafin ki ba ta."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Sadakar bakwai an ɗaga ta zuwa Lahadi saboda masu aiki. Tun safe mata suka cika kicin ana suyar masa, tanda biyu a kan wuta, mai yana ta tsalle. Al'ada ce, duk wanda ya zo addu'a ba ya fita hannu sake, sai an ƙunsa masa tasa. Wajen azahar takardar ƙunshin ta ƙare, kantuna kuma a rufe. Matar Kawu Ƙarami ta leƙo tana share gumi, ta ce, "Ke ɗiyata, ba tsohuwar jarida a gidan nan? A gida ai da takarda muke ƙunsawa, ta fi leda, ba ta sa ta yi gumi."

Makullin yana cikin jakata. Ina so in ce ruɗewar makoki ce, amma ƙarya ne. Ina so in ce kwalin hotunan cin mutuncin nan na zaɓa, shi ma ƙarya ne. Na buɗe ɗakin, na ji sanyinsa da ƙanshin tsohuwar takarda, na tuna kujerar falo, na tuna "ki wanke hannu". Na sunkuya na ɗauki kwalin da ke kusa da ƙofa, ina sane da ko wane ne, na kai kicin na dire.

"Kai, madalla!" in ji ta. Ta ɗaga guda ta murza. "Wannan ai mai kauri ce, za ta sha mai da kyau." Suka shiga raba su ta kan ninkin, kowace ta zama biyu, ana zuba masa biyar-biyar ana naɗewa. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina yarinya.

Ɗiyata ce ta fara gani. A nan aka haife ta, Hausarta sai ta haɗa da Faransanci. Ta jawo ni lungu ta ce, "Maman, ça va pas? Lafiyarki kuwa? Na Kaka ne fa! Na matar da za ta zo!" Na ce ta rufe mini baki. Na fito falo da tire, sai ga wani Alhaji ya cinye tasa a zaune, ya ɗaga takardar yana goge yatsu da gemu. Jan jirgin ruwa. Mai ya ratsa ta har ta yi shara-shara, ɗinkin da ke bayanta ya fito fili, siririn layi daga sama har ƙasa. Ɗinkina ne, na ranar "ba laifi".

Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba. Na tsaya bakin ƙofar fita na ce duk mai ƙunshi ya juye masarsa a hannu ko a hula ya ba ni takardar. Falon ya ɓarke da surutu. "Yau ga abin kunya, ana karɓe sadaka?" "Ɗiyar nan lafiyarta ƙalau?" Kawu Ƙarami ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Takardun banza ne, yau dai sun yi rana, sun ɗauki sadaka. Wataƙila ma shi ne zai sauƙaƙa masa." Na ce, "Kawu, da girmanka. Wanda ya riƙe amana shekara talatin ba ya jiran ladar ƙunshin masa. Kai da ko lambar ɗakinsa na asibiti ba ka sani ba, zauna." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Matarsa ta saki salati, ta ce dama an ce wanda ya rene ni bai koya mini ladabi ba. Wannan kam ta faɗi gaskiya.

Sai dai 'yan Paris da yawa sun riga sun tafi kama jirgi da ƙunshinsu. Satin da ya biyo na ɗauki hutu na bi su. Na hau benayen La Courneuve ina ƙwanƙwasa ƙofofi, ana doguwar gaisuwa ana yi mini ta'aziyya, sannan in buɗe baki in ce na zo neman takardar da aka ƙunsa masa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce tana bola tun ranar. A unguwar Château Rouge wata mai kitso ta zazzage jakarta ta samo rabi, wani mahauci ya ce ya ajiye tasa don hoton ya burge shi, ya manna ta a bango kusa da ƙugiyar nama. Na dawo Lyon da abin da na samu. Da yawa sun tafi ke nan.

Wata biyu na yi a teburinsa. Garin farar ƙasa, nauyi, jira, a kakkaɓe, a sake. Na dama gam, na yagi siririyar takarda da hannu, na haɗa rabi da rabi inda abokin ya samu. Hannuna bai manta komai ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Maiƙon ya ragu amma bai fita ba. Kawu ya faɗa, takarda ba ta yafe mai.

Mun haɗu da matar a wani gidan shayi kusa da tashar da jirgin Lyon ke tsayawa a Paris. Dattijuwa ce mai furfura, Faransancinta kaɗan, ɗiyata ke yi mana tafinta. Na ajiye kwalin a kan kujera. Ta miƙo hannu, na ce ta dakata, na sauka ƙasa inda famfo yake, na dawo, sannan na ɗora mata shi a gaba. Ta buɗe. Ta sa yatsa a ƙasan ta farko inda sunan mahaifin kakanta yake, ta karanta shi a hankali, ta cire tabarau. Ta ce a gidansu ko guda ba ta rage ba, labari kawai suke ji.

Da ta kai kan masu tabon sai ta tsaya. Ta ɗaga jan jirgin, ta kai hanci ta shinshina, ta dube mu. Ɗiyata ta taka ƙafata ta ce da Hausa, "Maman, in ce mata rufi ne ya yi yoyo?" Na ce a'a, ki faɗa mata yadda zan faɗa, kada ki rage. Man masa ne, abincin da muke rabawa don mamaci. Ba kuskure ba ne. Ni na bayar, ina sane, don ina jin haushinsa.

Matar ta mayar da takardar cikin kwalin. Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Can ta tambaya, shi wane irin mutum ne?

Na ce, "Mutum ne mai wuyar zama. Bai iya riƙon yaro ba, ban ji daɗinsa ba, kuma bai nemi gafarata ba. Amma abin da danginki suka bar masa, ko kusurwa ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba. Duk wadda kika ga babu, a hannuna ta ɓata."

Sauran kwalayen sun bi ta daga baya. Ɗakin yanzu fayau yake, na shiga na tsaya a tsakiyarsa, ashe ɗan ƙarami ne, da ƙyar zai ɗauki gado da teburi.

Allah Ka san bawanka fiye da masu gaisuwa, Ka san shi fiye da ni. Ka yi masa hisabi da amanar da ya riƙe, kada Ka yi masa da ni. Ni har yanzu ban gama yafewa ba, ina dai ƙoƙari. Amma na wanke hannun, Kawu. Sau biyu, da sabulu.